Rasuwar Akwatin Intanet na Shagon Malam Sabiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba tare da sunkuyar da kai ba, Malam Sabiru mai shagon kwamfuta na bakin kasuwar Kazaure yana sanar da rasuwar akwatinsa na intanet, wanda ya yi shekaru yana janyo duniya ta tsohuwar wayar tarho ta kan falwaya.

Marigayin ba shi da kwaramniya. Waya ɗaya tak suka haɗa da tarhon tebur, ba a taɓa jin kansu ba: murya ta bi hanyarta, saƙonsa ya bi tasa. Ɗaliban Roni da Gwiwa na rajistar jarrabawa, Ya Kaka, mahaifiyar Malam Sabiru, tana kan layin tana yi wa 'yarta ta Legas faɗa. Iyakar maganar marigayin ɗan "ƙit" idan an kawo wuta, sai koriyar fitila.

Ajali ya zo da kaka. Amalanken shanu da aka lafta wa karan dawa ya tsinke wayar. Maƙwabci, Kawu Madu, Allah ya saka masa da niyyarsa, ya hau ya yi mata ƙullin igiyar guga, ya cike giɓin da wayar ɗaurin shinge. Murya ta dawo a shaƙe. Marigayin kuwa ya yi ta ƙifta jar fitila har ya cika. Kamfani ya ce ma'aikatansa sun daina hawa falwaya.

Marigayin ya bar tarhon tebur, da wayar kan falwaya mai ƙulli a tsakiya, da Ya Kaka, wadda idonta ya yi rauni, ba ta iya shafa gilashin salula. Ta wannan layin kaɗai take jin 'yarta.

Masu cewa da ma zamaninsa ya wuce, su riƙe ta'aziyyarsu. 'Yan gwangwan da suka zo gaisuwa suna ɗaga kai suna auna jan ƙarfen wayar da ido, an gan su sarai.

"Wanda ya taɓa min waya," in ji Ya Kaka, "ya haɗu da ni."

Za a naɗe marigayin a kwalinsa ranar Asabar bayan La'asar, a ajiye shi saman kantar shago. Za a karɓi gaisuwa a gindin falwayar, inda Malam Sabiru ya riga ya kai bencinsa. Mai zuwa ya zo da addu'a, ya bar tsaninsa a gida.