Mantau da Ƙasusuwan Malama Sahura

A garin Tsamiyar Dogo akwai wani Mantau, ƙato har da gemu, da ke zaune a ɗakin zauren yayarsa Tabawa. Ba ya ƙarya, ba ya gardama, kuma nan matsalar take: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Mijin Tabawa ya gaji. Ya ce aikin sharar da ta roƙa wa Mantau a makarantar sakandare shi ne na ƙarshe, in aka kore shi sai gonar kawunsu can cikin daji, inda ba mai tambayar ko ya ci abinci. Tun daga ranar Tabawa ta mayar da suyar ƙosanta bakin makarantar, tana kasa kunne duk sanda aka kira sunansa.

Wata rana Malama Sahura, mai koyar da ilimin halittu, ta shirya nuna wa ɗalibai cewa ƙafar akuya da fiffiken kaza da na jemage ƙirar ƙashinsu ɗaya ce, shaidar da masana ke kafawa cewa asalinsu guda. Ta ce, "Mantau, samo mini ƙafar akuya ta gaba wurin mahauci. Kada ka yarda ya sare ta." Mahauci na ɗaga wuƙa Mantau ya riƙe masa hannu. Sai ga shi da akuyar a kafaɗa, da ranta, mahauci na biye yana zage-zage. Tabawa ce ta durƙusa tana ba da haƙuri.

Wata rana kuma Malama ta ɗora fikafikan kaji a wuta don nama ya saki ƙashi, ta ce, "Kada ka ɗauke ido daga tukunyar nan." Kare ya zo ya yi gaba da ƙafar akuyar da aka samo daga baya, aka shanya dab da Mantau.

"Ba ka gan shi ba?" in ji Malama.

"Na dai ji yana tauna, Malama. Idona na kan tukunya."

Shugaban makaranta ya ce saura kuskure ɗaya. Tabawa ta kasa cin abinci ranar.

Wata rana mai duba makarantu ya iso ba zato, ga ƙasusuwa duk a cakuɗe cikin kwando, har da na wata ƙafar akuya da aka sake samowa. Malama ta ce, "Ware su, ka haɗa masu kama da juna," nufinta kowace dabba da nata, ta ruga tarbar baƙo. Mantau kuwa ina ruwansa da dabba. Ya jera dogon ƙashin dantse na akuya da na kaza da na jemage a layi guda. Ƙasusuwan da ke bin sa ya yi musu nasu layin, 'yan ƙanana na yatsu su ma nasu. Tabawa na leƙe ta taga, ƙosai na ƙonewa a kasko, ta ga Malama ta shigo ta dafe kai. Ta ce a ranta shi ke nan, ƙaninta ya tafi daji.

Baƙon ya daɗe a sunkuye kan teburin. Wata ɗaliba ta ce, "Ashe duk iri ɗaya ne, girma ne ya bambanta." Ajin ya matso yana kallo.

Baƙon ya ce, "Haka ya kamata a riƙa jera su. Wa ya yi?"

Shugaba ya yi gyaran murya. "Ma'aikacinmu ne, ranka ya daɗe. Ba ma rabuwa da shi."

Tabawa ta jingina da bango, hawaye na zuba. Mantau dai bai gama aikinsa ba. Ya naɗe hannun riga, ya shimfiɗa dantsensa a ƙarshen layi, ya dubi Malama a tsorace.

"Wannan ma ya yi kama, Malama. A nan zan bar shi, ko in tafi da shi gida?"