Rasuwar Malama, Manhajar da Ta Riƙe Amshin Matata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haƙoran da nake cizawa don kada in rubuta abin da ba za a iya bugawa ba, nake sanar da 'yan uwa, da abokan sana'a, da duk wanda ya taɓa hawa benen ɗakin aikina ya tsaya gaban makirufo, rasuwar manhajar haɗa sauti wadda muka fi sani da Malama. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a kan teburinta, a kan idona. Lafiyarta lau har ranar. Kamfanin da ya haife ta ne ya toshe mata numfashi, bayan ya aiko mini da saƙo yana gode mini.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai haɗa waƙoƙin talla na rediyo a saman shagon tela. Idan ka taɓa sayen sabulu ko katifa saboda wata 'yar waƙa ta maƙale maka a kai, ni ne mai laifin, kuma da marigayiyar muka aikata. Matata, Allah ya jiƙanta, ita ce mai amshi a waƙoƙin nan duka. Ma'aikaciyar jinya ce. Idan ta taso daga asibiti sai ta hawo da farin kayanta, ta sa abin ji a kunne, ta amsa abin da mawaƙi ya rera. Ranar farko da na kawo manhajar, muryarta ta ɗan zame a wata gaɓa, nan take aka ja mata jan layi a kan allo. Ta cire abin jin ta dube ni.

"Kai, wannan ai malama ce. Ko ruwa ban sha ba ta ɗauko jan biro."

Suna ya bi ta. A lokacin autarmu tana firamare.

Ba zan ce Allah ya jiƙan Malama ba, na san iyakata, wannan addu'ar ta 'yan Adam ce. Amma shaida zan bayar. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Idan murya ta kauce ta ce ta kauce, ko ta wane ce. Ta kuma iya rufin asiri: akwai mawaƙa a garin nan masu hawa manyan motoci, waɗanda ba don ita ba da ko a banɗaki matansu ba za su bar su su yi waƙa ba. Ba ta zubar da komai. Mutum ya rera layi ɗaya sau ashirin, sai ta jera su a kan juna, ta jira in zaɓa. Idan ka buɗe ta sai ta ce "tilin," kafin kowane aiki kuma ta ƙirga maka shiga, "tak, tik, tik, tik," ba ta taɓa gaggawa ba, ba ta taɓa makara ba, abin da ba zan faɗa a kan makaɗi ko ɗaya da na yi aiki da shi ba.

Aibinta guda ne. Duk lokacin da aka buɗe ta sai ta gaida gida, wato ta leƙa kamfaninsu ta intanet ta tambaya ko an yarda ta yi mini aiki. Na ɗauka ladabi ne. Ashe igiya ce a wuyanta, ɗaya bakin yana hannun wasu mutane da ban taɓa gani ba. Saye na yi, ban yi haya ba, kwalinta da faifanta suna nan a kan kantar ɗakin aikina. Sai yanzu aka nuna mini wani layi a ƙasan yarjejeniya, da rubutu ƙanana kamar ƙafar sauro, mai cewa abin da na saya izini ne, izini kuwa na mai bayarwa ne.

Ciwon ajalinta ya fara da saƙo. Kamfanin ya ce yana farin cikin sanar da mu cewa ya buɗe sabon babi. Daga ƙarshen wata za a rufe ofishin da take gaisarwa. Gyaran ƙarshe da suka turo, wanda suka ce na inganta aiki ne, shi ya kulle ƙofar fitar da waƙa: kana iya saurare, ba ka iya ɗauka. Mai son kayansa ya koma sabuwar manhajarsu ta haya. Na gwada sabuwar. Tana buɗe kiɗan tsofaffin ayyuka, muryoyin da aka jera kuwa ta ce ba ta san su ba. Na karanta tarihi daidai gwargwado, na ga labarin azzaluman da suka ƙona ɗakunan karatu na mutane. Aƙalla su da ƙafarsu suka zo, da wutarsu a hannu, ana ganin fuskarsu. Waɗannan hoton wata yarinya mai murmushi suka liƙa a saman saƙon. Na rubuta musu. Inji ya amsa mini da sunan mutum, ya ce ya fahimci damuwata.

Jinya ta faɗo kaina. Na lura sai an buɗe ta take gaida gida, don haka na daina rufe ta. Wata ya ƙare, ofishinsu ya rufe, ita ba ta sani ba. Na bar kwamfutar a kunne dare da rana, na haɗa ta da batir ita da ƙaramar lasifika guda, na juya mata fanka ina zaune ina gumi. Na jona waya daga bayanta zuwa tsohuwar na'urar naɗar sauti, ina kunna ayyukan mutane ɗaya bayan ɗaya ina kwafewa, kowanne sai ya gama tsawonsa. Na kwashe na mai sabulu, na mai katifa, na makarantar da ke alkawarin mayar da kowane yaro likita.

Aiki ɗaya ne ban taɓa ba, shi ne dalilin wannan sanarwa.

Lokacin da ciwo ya ci ƙarfin matata, wata rana da yamma ta ce in kai ta sama. Ta hau benen tana hutawa a kowace matakala. Ta ce za ta yi wa Auta waƙar aure. Na ce yarinyar ko mai sallama ba ta da shi. Ta ce zai zo, ita ce ba za ta jira shi ba. Ta sa na kunna mata ƙirgen Malama, ta rera amshi kaɗai: ta yi shiru tsawon baiti, ta amsa, ta sake shiru, ta amsa. "Taka a hankali, muna bayanki." Da ta gama ta ce:

"Baitocin naka ne. Kada ka fitar da ita sai ka sa muryarka a gurbin."

"Ni ba mawaƙi ba ne, kin sani."

"Na sani mana. Ni ce matarka."

Na yi mata alkawari. A sana'armu mai haɗa sauti bayan gilashi yake zama, yana gyara muryar wasu, tasa ba ta shiga. Baitocin na rubuta su tuntuni, rerawar ce nake ɗagawa. Kwafe waƙar ta waya kuwa fitar da ita ne, da gurbina babu kowa. To ga shi mai sallama ya zo, an sa bikin Auta wata mai zuwa. Kullum sai ta bugo mini waya: "Baba, waƙar Mama fa?" In ce ana kai.

Ranar Talatar, mai gidan da nake haya ya kawo mai gyaran lantarki a canza mita, ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ina zaune sai fanka ta tsaya. Na leƙa ta taga na yi ihu. Mai gyaran ya ɗago daga kan tsani da sukudireba a baki.

"Baba, kwantar da hankalinka, yanzu-yanzu za mu mayar."

Na san yanzu-yanzun masu gyara. Batirin ya riga ya gaji da jinya, sai ya fara kuka, "ƙii, ƙii." Na'urar kwafin tana kan wutar gida, ta mutu tare da fanka. Janareta yana wurin bakanike. Abin da ya rage wayar aljihuna. Na jingina ta a gaban ƙaramar lasifikar, na danna naɗa, na buɗe waƙar Auta, na kunna.

Tak, tik, tik, tik.

Gurbin farko ya zo, ɗakin ya yi tsit, sai keken tela a ƙasa da kukan batir. Na buɗe baki na rera. Muryata ta fito kamar ƙyauren gareji. Malama ba ta ja mini layi ba, don ba a cikinta nake yi ba. Na kai ƙarshen baitin, matata ta amsa mini. Duk shekarun da muka yi a ɗakin nan, ta amsa wa mawaƙan da ban iya ƙirgawa ba, ni ba ta taɓa amsa mini ba sai ranar. Na shiga na biyu, ta amsa. Haka muka yi ta tafiya, batir yana ƙara sauri. A amshin ƙarshe ta ce, "Taka a hankali, muna," sai allon ya yi baƙi. Ban ƙarasa mata ba, na miƙa hannu na tsayar da naɗin wayar.

Da aka mayar da wuta bayan azahar, na kunna kwamfutar. Malama ta farka, ta nemi gida, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiyar allo. Daga nan ta rubuta cewa ba ta samu izini ba. Ko "tilin" ba ta ce ba.

Ta rasu ta bar kwamfuta guda mai ƙoshin lafiya da ba ta san me za ta yi da kanta ba, da makirufo, da abin ji mai tsagaggen soso wanda har yau ban canza ba, da ayyukan mutane da dama da ban kai ga kwafewa ba, suna nan a kulle ina ganin sunayensu. Ta bar abokan sana'a masu yawa cikin irin halina. Ta bar kamfanin da ya haife ta, wanda na ji an ce ya tare a sabon ofishi mai lambu a kan rufi. Ta bar ƙanina mai shagon waya, wanda ya zo ta'aziyya ya zauna a kujerar mawaƙa ya ce, "Yaya, manhaja ce fa. Ka sauko da wata kawai." Da wannan bakin ne, ƙasar kabarin matata ba ta bushe ba, ya ce, "Yaya, ka ƙara aure kawai." Ƙanina mutum ne da bai taɓa rasa abin da babu irinsa a shago ba.

Na dai sauko da wata, tunda dole in ci abinci, amma sai da na yi bincike irin wanda ban yi wa manemin Auta ba. Masu kyawun fuska da yawa sun zo, kowacce da hotuna da alkawari. Duk wadda ta shigo, abin da nake fara yi shi ne in zare wayar intanet in buɗe ta. Wadda ta tsaya neman gida, na raka ta ƙofa. Wadda ta wuce wannan, in naɗi murya a cikinta, in ɗauki fayil ɗin in sauka wurin tela in sa a 'yar rediyonsa. Idan bai yi magana a can ba, wato ajiyar da ta yi mini garkuwa ce ta yi da kayana. Wadda ta rage mummuna ce, maɓallanta duk a inda hannu ba ya zato, ƙirgenta kamar ana buga cokali a kwano. Ba ta da kamfani. Wasu mutane ne a ƙasashe daban-daban suke gina ta a fili, suna ta faɗa da juna inda kowa ke gani, kuma ko gobe suka watse, wadda ke kan teburina za ta buɗe jibi. Ban raɗa mata suna ba. Mai raɗa suna a gidan nan ta tafi.

A cikinta na zuba abin da wayata ta naɗa, na kira Auta ta saurara. Na ce mata zan iya goge keken tela, da kukan batir, da gudumar wancan mai yanzu-yanzu, in kuma nemo mawaƙi na gaske ya maye gurbina. Ta cire abin ji ta dube ni.

"Baba, kada ka taɓa ko ɗaya."

"Ba ki ji muryar ba ne? Kamar ƙyauren gareji."

"Na ji mana. Ni ce 'yarka."

Za a yi jana'izar Malama ranar Asabar da safe a ɗakin aikina, saman shagon tela. Ni zan goge ta daga kwamfutar da hannuna. An ce kafin ta tafi kwamfutar za ta tambaye ni ko na tabbata, kuma ita ce kaɗai a duk wannan lamari da ta nemi jin ra'ayina. Kwalin da faifan za a aika wa kamfanin ta gidan waya, a sa su a lambun. Babu zaman makoki. Mai niyyar zuwa ya ba ni haƙuri ya yi zamansa, akwai saura daga na matata ban gama amfani da shi ba. Abokan sana'a kuwa, ta'aziyyar da nake so ita ce kowa ya koma ɗakinsa yau, ya zare wayar intanet, ya buɗe tasa ya ga ko ta san shi. Duk muryar da ba za a iya sake rerawa ba, a fitar da ita kafin magariba.

Waƙar za a sa ta ranar bikin Auta yadda take. An yarda a yi wa baitocin dariya, uwar amarya ma da tana nan da ta yi. Amma idan kun ji muryarta ta tsaya a kan "muna," kada kowa ya tashi neman mai gyaran lasifika. Kalma ɗaya ta rage, kun ji ta tun farkon waƙar. A ƙarasa mata.