Haƙƙin Waƙar Giginya

Shekara uku ke nan rabon Dajin Kurmau da ƙoshi. Duk hatsin da jakuna suka yi dakonsa, Sarki Zaki sai ya aika wa sarakunan wasu dazuzzuka, don a riƙa ce masa mai kyauta. Ba abin da ya rage wa talakawa sai wata waƙa da Gyare ya tsara, "Giginya dogon sarki". Da ita yake ci da 'ya'yansa, don duk mai biki sai ya nemi izininsa, ya auna masa 'yar tsaba.

Kura, Ministar Nishaɗi, mai muryar da ke tsinka nono, ta ji waƙa ta yi kasuwa. Ta sa aka rubuta ta a fata, ta dangwala tafinta, ta hana Gyare rera abarsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya kai ƙara fada.

Alƙali Dila ya karanto doka: waƙa ta wanda ya ƙirƙire ta ce, ba ta mai ƙarfi ba, kuma ba a cin abinci da ita sai da yardarsa. Kura ta miƙe ta fuskanci Zaki, ta gyara murya.

"Ranka ya daɗe, gwamnatin nan ba ta wasa da haƙƙin mawaƙa. Kowane baiti daga cikina ya fito, saboda ƙaunarka."

Ta rantse har sau uku. Zaki ya ji daɗi, dama ya daɗe yana jin ana kwatanta shi da giginya, ya ce a rera masa. Kura ta ja baitin farko. Amshi kuwa ba ya cikin fatarta, a bakin talakawa yake. Jakunan da ke tsaye bakin ƙofa, bisa sabo, suka amsa: "Na nesa ka sha inuwarka."

Zaki ya daina kaɗa wutsiya.

Nan take Kura ta shiga rantsuwa ta huɗu, wai waƙar Gyare ce, ita ko karin ba ta iya ba. Dila ya tambayi Gyare ko har yanzu yana kan ƙararsa. Gyare ya dubi Zaki, ya tuna 'ya'yansa.

"Allah gafarta malam, na janye. Ta rantse, ta dangwala. Haƙƙin yana wuyanta."

Ya rasa waƙa, ya tsira da kai. Jakuna suka koma dako ba mai buɗe baki, amma kofatansu da karin waƙar suke takawa.