Ranar da Na Bar Ɗana Wurin Mai Fura

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Kalgo ba, ko na so in manta dangin matata ba za su bar ni ba. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Masama, gidana yana Gwandu, kuma ban daɗe da zama uba ba. Matata Hauwa'u ta je wankan gida wurin iyayenta a Kalgo, ta ƙara kwanaki saboda jikinta bai yi ƙwari ba, har yaron ya kusa wata uku. Sau uku kacal na gan shi. Kowa ya tambaye ni sai in ce aiki ne ya riƙe ni. Gaskiya kuwa ana tashi makaranta da azahar, abin da ke riƙe ni daga la'asar zuwa magariba dara ce. (A unguwarmu in aka ce a kira gwani ni ake nufi, ni ma ban taɓa musantawa ba.)

Ranar da zan dawo da su, na tafi da jakar takardun jarrabawar ɗalibaina, don hedimasta ya ce Litinin yake son sakamako. Muka yi sallama da surukai da hantsi, aka sa mana albarka. Hauwa'u ta ce mu biya asibiti a duba ta kafin mu shiga mota. A bakin ƙofa ta kwance goyon ta miƙo mini, ta ce layin mata ya yi tsawo, ciki kuma da zafi, in zauna da shi a inuwa.

Na samu gindin wata bishiya kusa da wata dattijuwa mai sayar da fura, yaro a hannun hagu, jan biro a dama. Takarda biyu na duba, sai na hango majalisar 'yan dara a tsallaken hanya. Daga nesa na ga wani tsoho ya yi kuskuren da ko ɗan koyo ba zai yi ba, bakina ya kasa haƙuri na yi magana. Tsohon ya ɗago ya ce in ina iyawa in zo in zauna, baki ba ya cin dara. Na dubi mai fura na ce, "Inna, riƙe mini shi, yanzu zan dawo." Na miƙa mata ɗana, na rungumi jakar takardu na tsallaka. (Jakar ban yarda in bar wa kowa ba, tsoron hedimasta nake yi.)

Na ci na farko, tsoho ya ci na biyu, dole a raba gardama. Da na ɗago kai, inuwa ta gusa daga gindin bishiyar. Babu mai fura, babu ƙwaryarta, babu yaro.

Na tambayi 'yan dara, ɗaya ya ce ai ta kira ni ta gaji. Ko sunanta ban sani ba, fuskarta ma ban kalla da kyau ba. A shekarun nan kuwa maganar masu satar yara ce a bakin kowa, duk labarin da na taɓa ji ya dawo mini. Na ruga tasha ina leƙa motoci ɗaya bayan ɗaya. Na shiga kasuwa, duk mai furar da na gani sai in zagaya in duba bayanta, har wata ta ɗaga mini ludayi. Addu'ar da na fara ba na kai ta ƙarshe. Da na dawo wajen asibiti na hango Hauwa'u ta fito tana dube-dube, zanin goyo a hannunta. Abin da namijin duniya ya yi shi ne, na laɓe bayan wata motar ɗaukar buhuna.

Ina nan laɓe na ji mai shela yana cewa an kawo jariri ƙofar gidan mai unguwa, mai shi ya je da shaida. Na zura a guje, takalmina ɗaya a hanya ya tsaya.

Na tarar da wurin cike. Mai fura tana zaune a gefe, ta lulluɓe yaron da mayafinta, yana barci abinsa. Na miƙa hannu, ta kau da shi. Ta gaya wa mai unguwa cewa lokacin komawarta ruga ya yi, kuma ba za ta mayar da jariri ga mutumin da ba ta tabbata ba. "Shi na ya ba ni, ranka shi daɗe. Amma sau biyu ina kira nai, ko kai bai ɗaga ba. Uba bai yin haka."

Mai unguwa ya ce to abu mai sauƙi ne, in faɗi rigar da ke jikin yaron. Na ce fara. Aka ɗaga mayafi kaɗan, shuɗiya ce. Ya tambaya ko akwai wata alama a jikinsa. Na ce ban lura ba. Da wasan dara aka tambaye ni, da na zana musu shi tun daga farko. Mutane suka fara gunaguni, wani daga baya ya ce a kira 'yan sanda, wataƙila ni ma satowa na yi.

Ana cikin haka taro ya dare, surukina ya shigo da sandarsa, Hauwa'u a bayansa idanunta jawur. Ba ta dube ni ba. Ta ce akwai baƙin tabo bayan kunnensa na hagu, da zare ja a wuyan hannunsa. Aka duba aka gani, mai fura ta miƙa mata shi da hannu biyu. Surukina ya yi wa dattijuwar godiya, ya yi wa mai unguwa, sannan ya juyo ya dubi jakar da na ƙanƙame a ƙirji.

"Malam, takardun dai ba su ɓata ba ko?"

"Suna nan, Baba," na ce, kaina a ƙasa.

Sai muryar tsohon nan ɗan dara ta fito daga baya, ashe ya biyo taro: "Kuma darar ma ni na cinye shi." Wurin ya ɓarke da dariya. Da ƙasa ta tsage da na gode mata.

Da za mu koma Gwandu, ko a mota sai da Hauwa'u ta sa wata mata tsakaninmu. Sai bayan mako biyu ta sake ba ni yaron in riƙe, shi ma tana tsaye a kaina. Tun daga nan, in aka miƙo mini yaro, nawa ko na maƙwabci, sai na duba rigarsa da bayan kunnensa kafin in amsa gaisuwa. Kuma na gane cewa "yanzu zan dawo" a bakin ɗan dara rantsuwar ƙarya ce, kada wanda ya karɓi ajiyarsa a kanta.