Ranar da Alƙalamin Farfesa Ya Sha Tawada

"Ni fa ko idona a rufe aka miƙo min alƙalami, da nauyinsa kawai zan gaya maka wanda ya ƙera shi, da shekarar, da ko ya karya kumallo a ranar."

Farfesa ke nan, abokin aikinmu. Kada ka ji Farfesa ka gyara zama. Mai ajiye fayil ne, ɗakinsa can ƙarshen baranda, babu taga, sai wata fanka mai tari. Mu muka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa gogan ya karɓa hannu bibbiyu. Yana da wani akwatin katako cike da alƙaluma masu shan tawada, kuma in dai ka taɓa jin sunan kamfani, to nasa ba ya ciki. Wannan wai wani tsoho ne ya sassaƙa a bayan shagonsa, wancan wai kamfanin ya rufe tun ba a haife mu ba. Kullum da rana sai ya buɗe akwatin, ya goge su ɗaya bayan ɗaya da hankici, ya mayar. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba: zuba wa ko guda tawada.

"Tawada tana tsufar da alƙalami," in ji shi. "Ku ba za ku gane ba."

Ana nan sai sakataren darakta ya yi ritaya. Farfesa ya ƙwallafa rai a kan kujerar nan, kuma gaskiya ban ga laifinsa ba. Shekara goma sha ɗaya mutum yana shaƙar ƙurar fayil, ga ofis can mai taga biyu da labule. Da ya ji za a sa hannu a kan yarjejeniya da wata dattijuwa mai kamfanin da zai riƙa kawo mana takardu, sai ya faɗa ofishin darakta ko sallama bai gama ba.

"Ranka ya daɗe, babban aiki sai babban alƙalami. Ka bar min wannan. In baƙuwar nan ta ga abin da zan miƙa maka, sai ta tambayi sunana."

"To," in ji darakta, bai ko ɗago kai ba. "Ya dai yi rubutu."

Ranar da safe na same shi a ɗakin fayil yana juya wani baƙin alƙalami mai zoben azurfa, yana neman ta inda ake ba shi tawada. Ya murɗa sama, ya murɗa ƙasa, ya leƙa ciki da ido ɗaya. Tawadar ma ba shi da ita, sai ya ɗauko kwalbar da muke jiƙa hatimi da ita. Anti mai buga takardu ta leƙo ta riƙe baki.

"Farfesa, wannan ta hatimi ce fa. Kauri gare ta, kuma ba ta fita a tufafi."

"Anti, ke da keyboard kika saba. Bar masana su yi aikinsu."

Ya ɗura, ya ƙara ɗurawa, har sai da alƙalamin ya yi gyatsa.

Ƙarfe goma aka hallara a ɗakin taro. Darakta ya sha farar riga, Hajiya baƙuwa na zaune da gilashinta a kan hanci, mu kuma muna jere a bango kamar tsintsiya. Farfesa ya shigo da alƙalamin a kan tire, ya rusuna, ya cire murfi, ya miƙa. Darakta ya ja layi. Babu komai. Ya sake ja, takarda ta yi ƙara, ko ɗigo bai fito ba.

"A hankali, ranka ya daɗe. Irin waɗannan sai an lallaɓa su."

Farfesa ya karɓa ya hura wa bakin alƙalamin iska. Shiru. Ya ɗan tsotsa, leɓensa ya koma shuɗi kamar wanda sanyi ya kama. Shiru dai. Na ga zufa ta karyo masa, sai na fara yi masa addu'a a raina, don na san abin da zai yi. Ya kuwa yi. Ya ɗaga hannu ya yarfa alƙalamin da ƙarfi, sau ɗaya, sau biyu.

A na uku duk abin da ya ɗura ya fito lokaci guda. Layi ya tashi daga kan yarjejeniyar, ya bi ta ƙirjin darakta, ya ɗiga a gilashin Hajiya, ya ƙare a jikin kalanda. Farfesa ya zaro hankici zai goge wa darakta, ɗigo ya zama taswira. Ya share zufarsa da hannun, goshi ya samu rabonsa. Anti ta fita da gudu, muna jin dariyarta har daga matakala.

Darakta ya dubi rigarsa, ya dubi Farfesa, ya yi magana a hankali, irin wadda ta fi tsawa ciwo.

"Koma wa fayilolinka. Kujerar sakatare kuma, ko ƙurarta kada ka goge."

Da wani ne, da sai ya sulale. Ban da Farfesa.

"Ranka ya daɗe, ba laifin alƙalamin ba ne! Guda hamsin kacal aka yi irinsa a duniya!"

Hajiya ta gama goge gilashinta, ta miƙo hannu. "Mu gani, ɗana." Ta riƙe shi da takarda, ta juya zoben, ta karanta ɗan rubutun da ke jiki. Sai ta fashe da dariya har da hawaye.

"Allah sarki! Na shagon babanmu ne. Gaskiya ka faɗa, hamsin ya yi."

Farfesa ya buɗe ƙirji, ya waiwayo ya dube mu da shuɗin leɓe.

"Cikin wata guda aka dawo masa da arba'in da tara, kowa da rigarsa a hannu," in ji ta. "Har Baba ya rasu yana tambayar wane bawan Allah ne ya riƙe na hamsin ɗin. Ashe kai ne."