Rijiyar Gwoggo Tabawa

A wani daji, can gaba da inda makiyaya ke juyawa, Hankaka ya cuci Gwoggo Tabawa, kuma Toron Giwa yana zaune aka yi. Kada wani ya ce min kuskure ne. Cuta ce.

Gwoggo Tabawa tsohuwar dabgi ce, dabbar nan mai haƙa ƙasa da farce. Shekarar da tafki ya ƙafe tun kafin bazara, majalisar dabbobi ta aika aka kira ta. Toron Giwa, shugaban majalisa, ya ce mata a gaban kowa:

"Gwoggo, ki haƙa mana rijiya. Na yi miki alkawari, muddin akwai ruwa a cikinta, ke za ki fara sha kowace safiya kafin wani ya sa baki."

Ya buga ƙafa a ƙasa sau uku, don haka ake ƙulla alkawari a dajin tun kaka da kakanni. Gwoggo ba ta nemi wani abu ba bayan wannan. Kwana goma sha tara tana haƙa, faratanta biyu suka karye, sannan ruwa ya ɓullo.

Mako ɗaya ta sha a gaba. A na biyu ta tarar an kafa Kura a bakin rijiya, wai yanzu layi ake yi bisa girman jiki. Kafin a zo kanta sai laka. Laka kuwa tana murɗa mata ciki, ga shi ba ta da sauran farcen haƙa wata. Da ta ga ƙafafunta sun fara rawa, sai ta kai ƙara.

Sakataren majalisa shi ne Hankaka. Ya yi shekara biyu a kan rufin wata makaranta a birni yana jin Turanci ta taga, tun daga nan ba ya sauka ƙasa. Daga kan reshe ya gyara farin ƙirjinsa ya ce:

"Gwoggo, muna girmama ki. Amma duniya ta ci gaba. Ku da alkawari ɗaya kuka sani, a Turanci kuwa hawa-hawa ne. Akwai furomis, wannan kyakkyawar niyya ce ta baki. Akwai agirimen, sai ɓangare biyu sun zauna. Akwai kwantiragi, sai da takarda da sa hannu. A can sama akwai garanti. Na duba abin da shugaba ya faɗa, ban ga ya wuce furomis ba."

Gwoggo ta ce, "Ɗan nan, ramin da na haƙa fa, a wane hawa yake?"

"Wannan aikin sa kai ne, Gwoggo. Majalisa ta yaba."

"Ranar da ka sauko kana shan ruwan har da wanke fiffike, da wanne ka sha? Da furomis ɗin ko da garantin?"

Zomo ya yi dariya, da ya ga manya ba su yi ba sai ya mayar da ita tari.

Hankaka ya ce, "Matsalar rashin karatu ke nan. Da kin zo wurina kafin ki fara, da na ce ki nemi takarda."

"Kana nan a kan wannan reshen aka buga ƙafa. Me ya hana ka faɗa a lokacin?"

"A lokacin ana cikin gaggawa."

"Ƙishirwa dai kake ji."

Ɓauna, wadda sabon layin ya sa ta zama ta biyu, ta ce bai kamata a yi wa al'amarin ilimi garaje ba. Ta kawo shawara a kafa kwamiti ya gano kalmar Turancin da ta dace da bugun ƙafa uku. Aka amince. Aka naɗa Hankaka shugaban kwamiti, aka ce za su riƙa zama da sassafe a bakin rijiya, saboda sanyin wurin.

Duk wannan Toron Giwa yana ta kaɗa kunnuwa yana korar ƙuda. Gwoggo Tabawa ta ja jiki a hankali har gabansa, ta ɗaga kai.

"Ranka ya daɗe, ban zo wurin tsuntsu ba. Da ka kira ni ba ka nemi tafinta ba, na kuwa ji ka sarai. Gobe da safe zan zo rijiya. Ka buɗe baki yanzu, a gaban waɗannan, ka gaya min a ina zan tsaya. Da harshen da ka roƙe ni za ka amsa."