Rasuwar Idon Majigi a Ƙarƙashin Buzun Ladan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye saboda nauyin kunya, gidan Malam Maccido Ladan da ke yamma da kasuwar Illela yana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da duk masu salla a masallacin unguwa rasuwar abokin aikinsa na ɓoye, Idon Majigi, wanda ajali ya riska da hantsin Laraba, sha biyu ga Rajab, shekara ta 1405 bayan Hijira. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kada mai karatu ya yi gaggawar tuhuma. Malamai sun karantar da cewa ana faɗin wannan kalma a kan kowace hasara, ko da igiyar takalmi ce ta tsinke, balle abin da ya shekara tara a hannun mutum.

Mamacin gilashi ne kewayayye, mai kauri a tsakiya, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. An ciro shi daga wata majigi da ta mutu a Ƙonni, wani ɗan koli ya ba Malam Maccido kyauta domin ya riƙa duba ƙananan rubutun da ke gefen littattafai. Ya yi wannan hidima wata biyu cikin mutunci. Sai wata rana hasken rana ya bi ta cikinsa, ya taru wuri guda kamar ƙwayar gero, ya huda murfin akwatin ganyen shayi da Malam ke ɗora littafi a kai. Malam ya dubi hujin, ya ga ya fita tsaf, zarto bai taɓa shi ba, wuƙa ba ta taɓa shi ba, sai wani abu da ya daɗe yana barci a ƙirjinsa ya farka.

Dalili kuwa, shekara talatin kafin nan, a hanyarsa ta neman ilimi Zariya, Malam ya shiga jirgin ƙasa a Ƙauran Namoda, sau ɗaya zuwa, sau ɗaya dawowa. Ya komo gida da fiƙihu da nahawu a ka, da taragu a zuciya. Na farkon ya karantar da jama'a, na biyun ya haɗiye. Illela ba ta san layin dogo ba, kuma ba a san dattijo mai riƙe da mabuɗin masallaci da wasan yara ba. Don haka aikin ya koma bayan rumbu, inda babu mai leƙawa sai kaji da uwargida Tasalla.

Ga yadda mamacin ke aiki. Malam zai ɓare sirirın katakon akwatin shayi, ya zana ƙofofi da tagogi da alƙalamin kara, ya cika layin da tawada, domin ya lura wutar ta fi saurin kama baƙi. Sa'an nan ya juya wa rana baya, ya ɗaga gilashin ta saman kafaɗa, ya riƙe numfashi, ya bi layin da ɗigon haske sannu a hankali har ɓallin katako ya faɗo da kansa. Ƙaro ne abin manni, marafan kwalba su ne ƙafafu. Taga ɗaya kan ci hantsi guda. Idan gajimare ya gitta, sai a jira.

Duk wanda ya san mamacin zai shaide shi da kame baki. Bai taɓa neman kananzir ba, bai nemi batir ba, bai nemi wasawa ba. Abincinsa rana, tufarsa tsohuwar safa. Maganarsa a duniya ba ta wuce "tsss" ba, sai wani lokaci "ɗas" idan ya gamu da gaɓar katako, da siririn hayaƙi mai ƙamshin gyaɗar da ta fara ƙuna. Yana da tarbiyya, domin da zarar inuwa ta komo ƙarƙashin ƙafa ake mayar da shi safa, kuma a shekara tara bai sa an jinkirta kiran azahar ba sai sau biyu, waɗanda Malam ya riga ya yi istigfari a kansu. Bai kuma taɓa sa hannu a surar mai rai ba. Shi ya sa taragon fasinja ke da kujeru babu fasinja, na shanu ke da ƙyaure babu saniya.

Ya rasu ya bar kan jirgi ɗaya mai bututun hayaƙi, da taragu goma sha ɗaya: na gyaɗa huɗu, na fatu biyu, na shanu biyu, na fasinja biyu, sai na mai gadi a wutsiya. Ya bar alƙalami da kurtun tawada cikin maraici. Ya kuma bar auta, taragon fasinja na uku, wanda aka huda wa taga uku a ɓangaren dama, hagu kuwa zane ne kawai, haka zai zauna makaho ta gefe guda.

Mamacin bai yi jinya ba, kuma a nan ne alƙalami ke nauyi.

A ranar, Tasalla ta shanya barkono a bayan rumbu, atishawa ta kori Malam, ya ɗauko buzunsa ya dawo ɗan filin da ke bayan zaure, yana cewa ai ranar kasuwar Ƙonni ce, gari ya watse. Yana tsakiyar taga ta huɗu sai ya ji sallama a kansa. Liman Mukhtari ne, limamin masallacin, mutum mai jiki da kwarjini, wanda suka shekara ashirin da biyu ɗaya na kira ɗaya na ja. Malam ya tura taragon cikin hannun riga, ya cusa gilashin ƙarƙashin buzu, ya miƙe. Niyyarsa ya koma ya zauna a gefen buzun da kansa. Amma ba a taɓa jin mai gida ya hau buzu ya bar malaminsa a kan tabarma ba, kuma hannu ya riga tunani. Ya nuna buzun, bakinsa ya ce, "Bismilla, Allah gafarta Malam."

Liman ya tattara riga ya zauna. Mamacin ya faɗi kalmarsa ta ƙarshe, wadda ita ce mafi ƙarfi a rayuwarsa: "Ƙas!"

Liman ya ce, "Subhanallahi! Mi yaf fashe, Ladan?"

A nan ne aka jarrabi Malam Maccido, kuma bai ci jarrabawa ba. Mutumin da ya karantar da babin haramcin ƙarya ya fi sau ashirin ya dubi Liman ido cikin ido ya ce, "Ba komi, Allah gafarta Malam. Gwiwarka ta. Girma na."

Liman ya shafa gwiwar dama, ya ce lalle kwana biyu yana jin ta wani iri. Da zai tashi sai da aka kama shi. Kafin la'asar yana ɗingishi. Washegari aka ɗauko mai ɗori daga Kalmalo, ya latsa, ya girgiza kai, ya ce tun da har an ji ƙara to akwai tsagewa, ya kafa karare ya ɗaure. Da yake na zaune ba ya jan na tsaye salla, Liman ya sauka ya miƙa limanci ga na'ibinsa Malam Yari, wanda kowa ya san ba ya gajarta sura ko da zafin bazara ya kai inda ya kai. Yau kwana goma sha shida dattawan sahun gaba suna jingina da juna a sallar isha'i. Mafi ɗaci kuma, bayan kowace sallama ladan ne ke miƙewa ya ce, "Jama'a, a sa ƙafar Liman cikin addu'a." Malam Maccido ya faɗi wannan sau tamanin, yana ji ana amsawa da amin, ɓarɓashin mamaci kuwa na ƙulle a safa cikin aljihunsa.

Sau uku ya je gidan Liman da niyyar fasa ƙwai. Sau uku ya durƙusa, ya ce, "Ya ƙarfin ƙafa?" Liman ya ce, "Da sauƙi, Ladan, kai kaɗai kaj ji ta da kunnenka, kai ka san abin da nika fama da shi," ya sa masa albarka, Malam ya fito gumi na bin gemunsa. A dawowa ta uku Tasalla ta aje masa fura ta ce, "Malam, mi kaka jira? Gilashi ya mutu, ka karya Liman da baki, yanzu so kaka yi tsohin unguwa su ƙare bayan Malam Yari? In bakinka ba ya iyawa, ai hannunka na rubutu."

Wannan takarda ita ce amsar maganarta. Kafin a karanta ta ko'ina, za a fara kai ta zauren Liman. Malam Maccido yana shaida wa Allah, yana shaida wa jama'a, cewa gwiwar Liman Mukhtari lafiyarta lau, abin da ya fashe gilashi ne, kuma wanda ya kashe shi ba nauyin baƙo ba ne, kunyar mai gida ce. Ya ji kunyar abin da Allah bai hana ba, ya faɗa cikin abin da Ya hana. Yana roƙon gafarar Liman, da ta mai ɗorin da aka sa ya yi aikin banza, da ta duk wanda ya ce amin.

Za a binne mamacin gobe Asabar bayan la'asar, a gindin katangar zaure, cikin rami mai zurfin kamu biyu, don kada ya yanki ƙafar wani. Ba wanka, ba likkafani sai safarsa, ba salla, domin gilashi ne, kuma gidan bai manta da iyakar shari'a ba. Ba zaman makoki, ba sadakar uku. Za a jera marayun a ƙofar gida tun daga kan jirgi har auta, a fili, karo na farko. Wanda dariya ta kama ya yi abinsa, ba za a riƙe shi a zuci ba.

Ana roƙon Liman ya kwance kararen ya taho da ƙafarsa. Zai tarar da mabuɗin masallaci a kan tabarma, gaban Malam Maccido. Idan ya ɗauka, hukunci ya yi daidai, babu mai ɗaukaka ƙara. Idan ya bari, falala ce daga Allah da kuma gare shi. Waɗanda ba su samu halarta ba kada su wahalar da kansu da tambaya. Su kasa kunne da magariba, su ji muryar wanda zai yi kira.